Cin Abinci da Muƙami a Gidajen Masu Sarautar Turai na Da: Tambayoyi da Amsoshi

Wannan shafi yana magana ne a kan gidajen masu sarauta na Ingila da Faransa da ƙasashen Jamus, daga wajen ƙarni na 12 zuwa ƙarshen ƙarni na 15. Yawancin abin da aka sani game da su ya fito ne daga littattafan lissafin cefane da magatakardan gida ke rubutawa kullum, da dokokin sarakuna, da littattafan koya wa yara ladabi.

Mutum nawa ne ke cin abinci a irin wannan gida?

Gari guda ne a ƙarƙashin rufi ɗaya. Wani littafin tsarin fada da aka rubuta a zamanin Sarki Edward na Huɗu na Ingila, wajen 1471, ya ƙiyasta cewa mai sarautar diyuk (babban basarake na ƙasa da sarki) zai riƙe barori 240, baron (ƙaramin basarake) 40, barde kuwa 16. Kuma yawan bakunan da mutum ke ciyarwa shi ne ma'aunin girmansa a idon jama'a.

Ko matsakaicin gida ma ba ƙaramin aiki ba ne. Wata gwauruwa mai filaye, Alice de Bryene, da ke zaune a Acton cikin yankin Suffolk, lissafin gidanta na shekarar 1412 zuwa 1413 ya nuna an ba da abinci fiye da sau 16,000 cikin shekara ɗaya. A cikin masu ci akwai 'yan uwa da maƙwabta masu hali, akwai malaman coci matafiya, akwai leburorin gona da masu gyaran rufi.

A ina ake cin abincin, kuma wa ke zama a ina?

A babban zaure. Dogon ɗaki ne mai rufi can sama, a da murhu yana tsakiyarsa, hayaƙi na fita ta wata kafa a rufin. A ƙarshen zauren, nesa da ƙofa da iska da hayaniyar madafa, akwai dakali mai tudu. A kansa ake kafa teburin maigida a gicciye, shi da uwargida da manyan baƙi suna zaune ta gefe ɗaya kawai, fuskarsu na kallon jama'a. Maigida na iya samun kujera mai majingina, wani lokaci da alfarwa a bisa kansa. Sauran mutane benci ne nasu, a dogayen teburan katako da ake harhaɗawa lokacin cin abinci a kwance su bayan an gama.

Kusancinka da dakali shi ne darajarka. Teburin da ke hannun daman maigida ya fi na hagu, kuma a kowane tebur wanda ke can sama ya fi wanda ke kusa da ƙofa. Duk wanda ya taɓa shiga fadar sarki a ƙasar Hausa ya ga yadda kowane hakimi ya san gurbinsa ba sai an nuna masa ba, zai gane wannan tsari nan take.

Wani lokaci har da awo ake rubuta abin. A dokar da babban sarki Charles na Huɗu ya kafa wa daular Jamus a 1356, an ce teburin babban sarki zai ɗara sauran tebura tsawo da ƙafa 6, na matarsa kuma ya kasance ƙasa da nasa da ƙafa 3, sama da na manyan masu sarautar da ke zaɓen babban sarki da ƙafa 3.

Wa ke yanke hukuncin wurin zaman kowa?

Akwai jami'i na musamman, mai tsara zaure, riƙe da sanda. Aikinsa ya fi kowane aiki a gidan haɗari, domin zaunar da mutum ƙasa da matsayinsa cin mutunci ne da ba a mantawa. John Russell, wanda ya yi wannan aiki a gidan Humphrey, diyuk na Gloucester, ya rubuta littafin koyarwa a tsakiyar ƙarni na 15, kuma a ciki ana ganin irin ƙullin da ake warwarewa kullum.

Jini ne a gaba ko dukiya? Idan mace mai jinin sarauta ta auri ƙaramin barde, tana nan da matsayinta na haihuwa. Idan 'yar talakawa ta auri babban basarake, matsayin mijinta take ɗauka. Manzon sarki ana ɗaga shi mataki ɗaya sama da nasa, saboda darajar wanda ya aiko shi. Shugaban gidan ibada na Westminster da na Tintern sunan muƙaminsu ɗaya, amma na farko ya fi kowa arziki, na biyu kuwa talaka ne, don haka ba a haɗa su wuri ɗaya. Mai tsara zaure sai ya san asalin kowane baƙo, da kuɗin shigarsa, da wanda ya aura, kafin a buɗe ƙofa.

Kowa da kwanonsa, ko tarayya ake yi?

Tarayya ake yi, kuma yawan abokan cinka ma alama ce. Bisa tsarin Russell, sarki da babban bishop da diyuk kowannensu shi kaɗai ke cin kwanonsa. Bishop da mai sarautar erl (ƙasa da diyuk, sama da baron) bibbiyu suke ci. Ƙasa da su akan haɗa uku, sauran jama'a kuwa hurhuɗu a kwano ɗaya. Kofin sha ma sau da yawa mutum biyu ke tarayya a kansa.

Abinci iri ɗaya ake kai wa kowane tebur?

Ko kusa. A nan ne bambancin ya fi fitowa fili, don kowa na ganin abin da ake wucewa da shi ta gabansa zuwa dakali.

Fara da burodi. Maigida fari yake ci, na alkama da aka tankaɗe sau da yawa, gashin ranar. Barori baƙi-baƙi suke samu, mai dusa, wani lokaci alkama gauraye da wani hatsin. Abin sha haka: giyar inabi a saman zaure, wadda Ingila ke shigowa da ita da yawa daga yankin Bordeaux tun bayan auren Henry na Biyu na Ingila da Eleanor ta Aquitaine, yankin da Bordeaux ke ciki, a 1152, giyar sha'ir kuma ga na ƙasa.

Nama ya fi komai rarrabewa. Naman shanu da na tumaki da na alade, dafaffe ko mai gishiri, kowa na samu. Naman barewa kuwa na manya ne, domin dokar daji da sarakunan Norman suka tsaurara bayan sun ci Ingila a 1066 ta hana talaka farautarta. Ba a cika sayar da shi a kasuwa ba, kyauta ake yi da shi tsakanin manya. Kayan cikin barewar su ne rabon mafarauta da yaran gida. Sai tsuntsaye: zalɓe, gauraka, ɗawisu, da farar agwagwar ruwan nan mai dogon wuya da ake kira suwan. Masanan zamanin sun yi imani cewa halittu hawa-hawa suke, abin da ke tashi sama ya fi na ƙasa daraja, saiwa da albasa da tafarnuwa su ne a can ƙarshe. Likitoci suka ƙara da cewa cikin basarake mai laushi ne, abinci mai sauƙi ya dace da shi, cikin manomi kuwa wake da kabeji ne daidai da shi. A ganina wannan ilimi ne da aka ɗinka daidai jikin masu biyan likitocin.

Sannan akwai yawan kwanuka. Ana kawo abinci zagaye-zagaye, kowane zagaye da kwanuka da dama a lokaci ɗaya, mai zaƙi da mai gishiri tare. Teburin dakali na iya samun zagaye uku, na tsakiya biyu, na bakin ƙofa ɗaya tak.

Da gaske ne a kan burodi suke cin abinci maimakon faranti?

Gaskiya ne. Ana gasa burodi mai tauri, a bar shi ya kwana uku ko huɗu, sannan a yanka shi fale-fale mai kusurwa huɗu. A kansa ake ɗora nama, shi kuma ya tsotse romo. Babban mutum ana canza masa sabo sau da yawa kafin a tashi, ƙaramin bara kuwa ɗaya zai riƙe har ƙarshe. Ba a cin wannan burodi a teburin masu mutunci, kwandon sadaka yake tafiya. Zuwa ƙarni na 16 farantan katako da na dalma sun maye gurbinsa.

Da hannu suke ci? Ba ƙazanta a ciki?

Da yatsu da wuƙa da cokali. Wuƙa kowa da tasa yake zuwa, rataye a ɗamara. Cokali mai yatsu bai zama ruwan dare a arewacin Turai ba sai bayan wannan zamani, ko da yake Italiya ta riga su. A ƙarni na 11 ma wani babban malamin coci, Peter Damian, ya soki wata gimbiya daga Rumawan Gabas da aka aurar a Venice saboda tana cin abinci da ɗan ƙarfen zinariya mai yatsu.

Hoton da ake yawan nunawa na mutane suna yagar nama suna jifa da ƙashi ta bayan kafaɗa bai yi musu adalci ba. Wanda ke sa hannu a kwano ɗaya da wani dole ya kiyaye tsabta. Ana wanke hannu kafin ci da bayan ci. Ga manya, bara ke zuwa da buta da tasa da tawul a kafaɗa, ya durƙusa ya zuba ruwa mai ɗumi da aka dafa da ganyaye masu ƙamshi ko ɓawon lemo, kuma bisa muƙami ake bi. Ƙananan mutane su wanke nasu a bakin ƙofa.

Littattafan ladabi cike suke da hani: kada ka mayar da loma da ka gatsa cikin kwanon tarayya, kada ka sha da maiƙo a baki, kada ka sakace haƙori da wuƙa, kada ka face majina da ƙyallen tebur, kada ka shafa kare kana ci, kada ka tsoma nama cikin gishiri, ɗebo shi da bakin wuƙa mai tsabta. Yawan maimaita hanin ya nuna ana aikata abin, amma ya kuma nuna ana jin kunyarsa.

Mene ne labarin gishiri?

Gishirin kansa kowa na samu. Mazubinsa ne abin kallo. A gaban maigida ake ajiye babban mazubi na azurfa, wani lokaci shafe da zinariya, sauran tebura kuwa ƙanana ake ba su, har da wanda aka fafe daga burodi. A Faransa manya na da wani akwatin azurfa mai siffar jirgin ruwa da ake ajiyewa kusa da hannunsu, ana sa gishiri ko cokali ko adiko a ciki. Irin waɗannan kaya ajiyar dukiya ce kuma: in yaƙi ko bashi ya taso, a jinginar da su ko a narkar.

Su wane ne ke yin hidima a tebur?

Wannan shi ne abin da ya fi ba mai karatu na yau mamaki. Masu yi wa babban basarake hidima ba ƙasƙantattu ba ne, 'ya'yan manya ne. Iyaye na tura yaro gidan wanda ya fi su tun yana ɗan shekara bakwai ko takwas, ya koyi riƙe tawul da miƙa kofi da tsayuwa shiru, kafin ya kai ga doki da takobi. Kowane sashe da mai kula da shi: mai ɗakin burodi, mai ɗakin abin sha, mai ruwa da tawul, mai jera kwanuka, mai miƙa kofi.

A saman su duka akwai mai yankan nama. Yana tsaye gaban maigida, kowa na kallonsa. Doka ta ce da babban yatsa da yatsu biyu kawai zai taɓa naman, da hannun hagu, wuƙa na dama. Kowane tsuntsu da kowane kifi da yadda ake feɗe shi da miyar da ta dace da shi. Zai cire ƙashi da jijiya da fata, ya yayyanka tsokar daidai loma, ya ɗora a farantin burodin maigida ba tare da ya ɗiga romo a ƙyalle ba. Saurayin da ya iya wannan ya kama hanyar ɗaukaka.

Hidimar tebur har sarauta ce ta gado. A dokar 1356 da aka ambata, sarkin Bohemiya ne mai miƙa wa babban sarki kofi, mai mulkin Brandenburg shi ke kawo ruwan wanke hannu da tawul, mai mulkin yankin Rhine ya kawo kwanukan abinci, diyuk na Saxony kuma ya auna hatsin dawaki. A shekarar nan dai, bayan yaƙin Poitiers, marubucin tarihi Froissart ya ba da labarin cewa Edward, ɗan sarkin Ingila, ya tsaya da kansa ya yi hidimar abincin dare ga Sarki Jean na Biyu na Faransa, wanda ya kama a fagen fama a ranar, ya ƙi zama tebur ɗaya da shi don girmamawa.

Yaya suke kare kansu daga sammu da guba?

Da ɗanɗano. Tun daga madafa mai dafuwa ke ɗanɗana abinci a gaban jami'i, a rufe kwano, a ɗauko shi cikin jerin gwano, a sake ɗanɗanawa a gaban maigida. Burodi da gishiri da abin sha da ruwan wanke hannu duk ana gwadawa, tawul ma sai an sumbace shi. Wasu na ajiye abin da suka ɗauka ƙahon dabbar almara ce mai ƙaho ɗaya, alhali hauren wata dabbar tekun arewa ne, ko haƙoran kifin shak da suka zama dutse, da imanin cewa za su yi gumi in guba na kusa.

Amma tsoro rabin labarin ne. Russell ya ce wannan gwaji hakkin masu sarauta ne daga erl zuwa sama. Wato a ɗanɗana maka abinci shaida ce cewa ranka ya kai a yi masa dako.

An ce kayan yaji don ɓoye warin ruɓaɓɓen nama ne. Haka ne?

Ba haka ba ne. Wanda ke da kuɗin sayen kirfa da kanumfari da za'afaran ya fi ƙarfin cin ruɓaɓɓen nama, domin naman ya fi yajin araha nesa ba kusa ba, kuma dabbobinsa na nan a gonarsa ana yankawa. Ana son kayan yaji ne saboda daɗi, da maganin da likitoci suka ce suna yi, da kuma tsadarsu. Yawancinsu daga Indiya da tsibiran gabas suke tasowa, su bi ta hannun fataken Musulmi zuwa Iskandariyya da Beirut, 'yan kasuwar Venice su kwasa. Da masoro ya yi araha har matsakaita suka fara saye, sai masu dafuwar manya suka rage yayinsa.

Ɗaya daga cikin abubuwan da suka koma wa shi ne citta mai 'ya'ya, wadda ke fitowa daga dazukan Afirka ta Yamma. Ayarin raƙuma ke ƙetare Sahara da ita zuwa gaɓar Arewacin Afirka, daga nan ta shiga jirgi. A ƙarni na 14 da na 15 tana cikin girke-girken Faransa da Ingila, da kuma giyar inabi mai yaji da ake sha bayan an tashi daga tebur.

Ranakun azumi fa, bambancin na gushewa?

Ba ya gushewa, kama yake canzawa. Coci ta hana cin nama ranar Juma'a, gidaje da yawa na ƙara Laraba da Asabar, ga kuma azumin kwana 40 kafin bikin Ista na Kirista wanda har ƙwai da madara da cuku ake bari. In an haɗa, ya kai sulusin shekara ko fiye. Barori sai kifi mai gishiri daga ganga da busasshen kifin Norway mai taurin itace, wanda sai an daka shi da guduma an jiƙa kafin ya dafu. Maigida kuwa ɗanyen kifi ake kamo masa daga tafkin gidansa, a yi masa miya da madarar almon. Wasu manyan kifaye da dabbobin teku doka ta ce na sarki ne in an kama su a gaɓar Ingila.

Hukuma ta taɓa sa baki a abin da mutane ke ci?

Sau da yawa. A 1294 Sarki Philippe na Huɗu na Faransa ya taƙaita babban abincin yini ga kwano biyu da miya. A 1336 Edward na Uku na Ingila ya hana wuce zagaye biyu sai a manyan ranakun idi. Bayan annobar 1348 ta kashe jama'a da yawa, lada ya tashi, talakawa suka fara cin nama da farin burodi, sai dokar 1363 ta ce barori sau ɗaya kawai za a ba su nama ko kifi a yini, sauran su yi da madara da man shanu da cuku. Ba ta daɗe ba aka soke ta, don ba mai iya leƙa kowace tukunya.

Manyan walimomi sun kai yadda ake faɗa?

Wasu sun kai. A walimar naɗa George Neville babban bishop na York a 1465, jerin kayan da aka tanada ya haɗa da shanu 104, tumaki 1,000, suwan 400 da ɗawisu 104. Akan feɗe ɗawisu da fatarsa, a gasa naman, a mayar masa da gashinsa, a shigo da shi kamar mai rai. Tsakanin zagaye ana kawo gine-ginen sukari da wasanni. A walimar da Philippe, diyuk na Burgundy, ya shirya a Lille a 1454, bayan Turkawan daular Usmaniyya sun ci Kustantiniyya a 1453, an yi wani ƙaton gasasshen ƙullin fulawa mai rami da makaɗa 28 ke zaune a cikinsa suna kiɗa. Sai dai irin wannan na shekara-shekara ne ko na sau ɗaya a rayuwa. Abincin kullum miyar hatsi da wake ce, da nama, da burodi, babban ci wajen ƙarfe 10 ko 11 na safe, ƙarami da yamma.

Ina ragowar abinci ke zuwa?

Gangarowa take yi. Kwanon da ya bar teburin dakali yana zuwa ga masu hidima, waɗanda sai an tashi suke cin nasu. Abin da ya saura, da farantan burodi da suka sha romo, mai rabon sadaka ke tarawa. Shi malamin coci ne galibi, kuma tun kafin a fara ci ake ajiye masa burodi a kwanon sadaka. Mabarata na jira a bakin ƙofar gida. Baran da aka kama yana karkatar da wannan rabo laifi babba ya yi.

Wannan kyauta siyasa ce kuma. Richard Neville, mai sarautar Warwick, in ya sauka a Landan, an ce shanu shida ake cinyewa a gidansa da karin safe, kuma duk wanda ya san wani a gidan yana iya tafiya da naman da doguwar wuƙarsa za ta iya tsirewa. Da haka ya sayi zukatan mutanen birni.

Mata fa?

Waɗannan gidaje na maza ne kusan gaba ɗaya, har masu dafuwa. In ka cire uwargida da 'ya'yanta da 'yan rakiyarta da masu wanki, da wuya ka ga mace. A wasu manyan bukukuwa mata na cin nasu a ɗaki dabam. Amma gwauruwa mai filaye ita ce maigida, a tsakiyar dakali take zama. Ga irin wannan mace, Margaret mai sarautar Lincoln, Bishop Robert Grosseteste ya rubuta ƙa'idojin riƙon gida wajen 1240.

Yaushe wannan tsari ya fara lalacewa?

Tun yana kan ganiyarsa. Grosseteste ya shawarci Margaret ta zauna a tsakiyar tebur inda kowa zai ga fuskarta, ta sa a cika mata kwano ta rarraba dama da hagu, ta kuma hana cin abinci a ɓoye a ɗakuna. Ya fahimci abin da zauren yake yi: yana nuna wa kowa iyakarsa, amma yana ɗaure maigida shi ma, dole a gan shi, dole ya ciyar, dole ya san fuskar wanda ke cin gishirinsa.

Manya ba su bi shawarar ba. Da aka fara gina murhu mai bututun hayaƙi a jikin bango, ƙananan ɗakuna suka yi ɗumi da daɗin zama. A wajen shekarun 1370 mawaƙin Ingila William Langland yana kukan cewa maigida da uwargida sun bar zaure, sun koma cin abinci su kaɗai a ɗaki mai murhu don guje wa talakawa. Zuwa ƙarni na 15 babban basarake a ɗakinsa na sama yake ci yawancin kwanaki, wakilin gida ke zama a dakali a madadinsa, ba ya saukowa sai ranar idi ko in an yi babban baƙo. Jerin gwanon kwanuka bai daina ba, sai dai yanzu yana ratsa zauren ne ya hau matakala, barori na tsaye kai ba hula har ya wuce.